Baburin da Auta Ya Zaɓa

Tsohon baburinsu ya mutu ne a kan hanyar dawowa daga aiki, saura kaɗan su shigo gari. Babu wani tashin hankali a mutuwar tasa. Ya yi tari, ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ya ɗan gangara, ya tsaya. Yaya ya sauka ya tsuguna, ya leƙa ƙarƙashin injin inda baƙin mai ke ɗiga, ya miƙe ya karkaɗe gwiwar wandonsa.

"Ya gama nasa," in ji shi. "Sauko mu tura."

Su biyu ne, wa da ƙani, sana'arsu gyaran injinan gidajen burodi: injin kwaɓa fulawa, injin yanka, da manyan tanderun da ke aiki da gas ko lantarki. Babban dogo ne siriri, masu gidajen burodi suna ce masa Dogo, amma ƙanin bai taɓa kiransa da wani abu ba sai Yaya. Shi kuwa ƙanin gajere ne mai faɗin kafaɗa. Ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma har yau Auta ake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Ko 'ya'yansa in suna jin tsokana, Baba Auta suke cewa.

Aikinsu na gaggawa ne. Idan injin kwaɓi ya tsaya a wani gari mai nisa, mai gidan burodi ba ya bugo waya don a gaisa. Fulawa tana cikin kwano, yis yana ta aikinsa, ma'aikata sun yi cirko-cirko. Motar haya kuma sai ta cika take tashi. Shi ya sa tun farkon sana'ar babur suke hawa, Yaya a gaba, Auta a baya da jakar kayan aiki a goye. Ba wai Auta bai iya babur ba, yana da wani ɗan ƙarami da yake kai yara makaranta da shi. Amma bai taɓa tuƙi a babbar hanya ba, bai kuma taɓa kawo wa ransa zai yi ba. Ya fi sanin bayan rigar Yaya a kan hanyoyin da suke bi.

Washegari a shago, Yaya ya ce wannan karon babba za su saya, na hannu. Irin wanda aka ƙera don doguwar tafiya amma ba ya nawa: gilashi a gaba mai tare iska, akwati biyu a gefe da za su ɗauke kayan aiki, da kujera mai faɗin da mutum biyu za su wuni a kai ba su sauka suna ɗingishi ba.

"Kuma tare za mu je dubawa," in ji shi.

Auta ya ɗago daga injin da yake wankewa ya dube shi. Yaya ba ya shawara a kan sayayya. Fankar shagon ma sai ganinta Auta ya yi tana juyawa.

"Ni kuma? Me na sani a babban babur?"

"Za ka sani."

Na farko da suka gani yana wurin wani dillali a layin masu sayar da babura. Ja ne, yana sheƙi kamar an lashe shi, hancinsa a tsuke, gindinsa a ɗage sama. Dillalin, wani mai tabarau a goshi, ya fara zuba tun kafin su gama gaisawa. Ya ce mai shi likita ne, ba ya hawansa sai ranar hutu, bai taɓa faɗuwa ba, ko ruwan sama bai taɓa dukansa ba.

Yaya ya matsa kusa da baburin. Ya kai bayan hannunsa na dama kusa da injin, ya ɗan tsaya.

"Wa ya tayar da shi kafin mu zo?"

"Ɗan ɗumama shi na yi, maigida, don ku ji daɗin muryarsa."

"Muryarsa ta tashi daga barci muke so mu ji, ba wadda ya sha shayi ya gyara maƙogwaro ba." Sai ya juya. "Auta, hau."

Auta ya ɗauka wasa ne, amma fuskar Yaya babu wasa. Ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya haye. Kan yatsun ƙafarsa kaɗai ke taɓa ƙasa, su ma sai ya karkata. Kafin hannunsa ya kai kan baburin sai da ya kwanta a kan tanki, tumbinsa ya matse. Yana cikin wannan hali ya ji baburin ya nutsa, Yaya ya hau baya. Kujerar bayan ba ta fi tafin hannu biyu ba, ga ta can sama, gwiwoyin Yaya suka tashi har kusan haƙarƙarin Auta. Masu shagunan kusa suka fara leƙowa suna murmushi.

"Maigida, ai kai ya kamata ka gwada gaba," in ji dillalin.

"Nauyi nake aunawa," Yaya ya ce, ya sauka. Da suka fito titi sai ya tambayi Auta ko ya ga inda aka sake fenti a gefen hagu. Auta bai gani ba. Yaya ya sa shi ya koma ya duba, ya dawo ya ce ya gani, jan wurin ya fi sauran duhu.

Na biyun yana gidan wani mai maɗaba'a, a cikin gareji mai daɓen tayil. Baƙi ne, ƙato, yana da rediyo, da wani maɓalli da ke ɗaga gilashin gaba ya sauke. Mai shi mutumin kirki ne, ya ce ya saye shi da niyyar yawon duniya, sai ya gano duniyar tasa ba ta wuce gida da maɗaba'a ba. Injin a sanyaye yake, bugu ɗaya ya tashi, sautinsa lafiya lau. Yaya ya zagaya shi sau biyu yana gyaɗa kai. Sannan ya sake cewa, "Auta, hau. Ɗauke shi daga kan ƙafarsa ka tsayar da shi."

Auta ya hau, ya tattara ƙarfinsa ya miƙar da baburin. Sai dai ya zarce. Nauyin ya rinjaya dama, takalminsa ya zame a kan tayil, ya ji abin yana tafiya da shi a hankali kamar bango zai faɗo. Yaya ya kawo hannun hagu ya cafki ƙarfen baya, amma hannun ya suɓuce kamar ya kama sabulu. Mai maɗaba'ar ne ya tare da cinyarsa da kafaɗa, su uku suka yi ta nishi har suka mayar da shi. Babu abin da ya fashe. Mutumin ya yi dariya ya ce shi ma haka ya yi masa ranar farko, amma Auta ya ji kunya ta rufe shi har wuya.

A cikin tasi, kan hanyar komawa, ya kasa haƙuri.

"Yaya, don Allah mene ne amfanin wannan? Kai za ka tuƙa, kai ka san abin da ya dace da kai. Sai ka riƙa ɗora ni ana yi min dariya kamar yaron da aka ɗora wa rigar babansa?"

Yaya yana kallon waje ta taga. "Wancan ya yi nauyi," kawai ya ce. "Mun bar shi."

Bayan kwana biyu aka kira su wani gidan burodi a cikin gari, boris ɗin injin kwaɓi ya ci. Aiki ne da suka yi sau babu adadi, kowa ya san nasa: Yaya yana kwancewa yana ɗaurewa, Auta yana miƙo kaya yana wanke ƙarafa. Ɗakin da zafi, ƙurar fulawa a kan komai, ma'aikata biyu suna jingine da tebur suna jira. Yaya ya riƙe sifana da hagu, ya ɗauki guduma da dama. Bugu ɗaya, sifanar ta faɗa cikin kwanon injin, ƙararta ta cika ɗakin. Auta ya ɗauko ya miƙa masa. Aka sake, ta sake faɗuwa. Yaya ya yarfe hannun kamar wanda ya taɓa abu mai zafi, ya ja da baya.

"Zo ka kwance wannan," ya ce.

A duk shekarun da suka yi tare, bai taɓa ba shi wannan matsayin ba. Auta ya karɓa, ya kwance, ya canja boris, ya ɗaure. Injin ya tashi, ma'aikata suka koma bakin aiki. Mai gidan ya kawo musu burodi mai zafi, suka fita baya suka zauna a kan buhunan da aka jera a rumfa.

Auta bai taɓa burodin ba. "Yaya, kawo hannunka na hagu."

"Na me?"

"Kawo dai." Ya miƙa masa yatsu biyu. "Matse."

Yaya ya dube shi, ya dubi yatsun, sannan ya kama ya matse. Riƙon bai fi na jariri ba. Auta ya san hannun nan, hannun da ke kwance noti mai tsatsa ba tare da an zuba masa mai ba.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu." Yaya ya gutsiri burodi da dama. Ya yi bayanin kamar yana faɗin abin da ya lalace a injin wani. Da farko yatsu uku ne suke mutuwa in ya daɗe yana riƙe da abu. Daga baya abubuwa suka fara zamewa. Ya je asibiti, likita ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu, za a iya yin ɗan aiki a sassauta mata, amma tunda an bar ta ta daɗe, ba a yi masa alkawarin ƙarfin zai dawo duka ba. "Sifana da sauƙi, in ta faɗi a ɗauka. Kulocin babur ne matsalar, da hagu ake matsa shi. A tafiyoyin nan na baya, in mun hau babbar hanya ba na matsa shi, haka nake sa giya da ƙafa kawai. A cikin gari kuwa addu'a nake kada danja ta tsayar da mu."

Sai Auta ya tuna yadda Yaya ya koma bin lunguna yana kauce wa manyan mahaɗa, shi kuma yana baya yana cewa a ransa tsufa ya fara sa wa Yaya rashin haƙuri. Ransa ya ɓaci.

"Da ni a bayanka kake wannan?"

"Da kai a bayana. Shi ya sa na daina."

"Ba kai ka daina ba. Baburin ne ya mutu."

"To, ya fi ni hankali."

Auta ya so ya yi dariya, ya so ya yi faɗa, ya rasa wanda zai fara. "Me ya hana ka gaya min tun a shago?"

"Na san ka. Da na gaya maka, wani ɗan mitsitsi za ka nuna mana, wanda za mu wuni a hanya kwaɓin mutane yana tsami. Na so ka saba da ganin manyan tukuna." Ya share bakinsa. "Yanzu ka sani. Kai za ka tuƙa, don haka kai za ka zaɓa. Ni fasinja ne."

Da Auta ya gaya wa matarsa da yamma, tana tsaye tana guga, ba ta nuna mamaki sosai ba. Ta ce ta lura Yaya ya daina sa riga mai maɓallai. Sannan ta ajiye dutsen gugar ta dube shi.

"Kana jin tsoro ne?"

"Ina ji mana."

"To gara haka. Wanda ba ya ji shi nake tsoro. Ka dai sayi wanda ƙafarka take kaiwa ƙasa, kada ka biye wa kyau."

Daga ranar neman ya koma hannunsa. Ya riƙa duba tallace-tallace a waya, yana tambayar makanikai, yana koyon abin da ake dubawa. Ya kuma gane ba kansa kaɗai yake zaɓa wa ba. Mutumin da hannunsa ɗaya ba ya riƙo, in an taka birki da ƙarfi ko an fizgi mai, me zai tare shi? Don haka ya ƙudura dole baburin ya kasance da akwati na uku a can baya, mai matashi, wanda fasinja zai jingina da shi. Bai gaya wa Yaya wannan ba. Ya dai riƙa tsallake duk wanda ba shi da shi.

A ƙarshe biyu suka rage. Ɗaya shuɗi ne, na wani saurayi mai aiki a banki. Kyakkyawa ne ƙwarai, mitarsa ta nuna bai yi tafiya mai yawa ba, har ledar da aka rufe agogonsa da ita tana nan. Auta ya hau, ya ji daɗin zaman, zuciyarsa ta kwanta masa nan take. Amma da ya tsuguna sai ya ga gefen tayoyin sun yi tsaga-tsaga kamar busasshen leɓe. Ya buɗe tanki ya haska fitilar waya, ya hangi tsatsa a ƙasa, fetur ɗin ma warinsa ya canja. Saurayin ya ce gaskiya ya fi shekara a ajiye, tun da mahaifiyarsa ta hana shi hawa. Auta ya saci kallon Yaya. Yaya yana tsaye hannunsa a aljihu yana kallon wata bishiya a tsakar gidan kamar ita suka zo saya.

Ɗayan na wani mai awon filaye ne, a ƙarshen gari, a gidan da kaji ke yawo a ƙofarsa. Launinsa ruwan toka, irin launin da ba ya jan idon kowa. Mitarsa ta ninka ta shuɗin sau da yawa. Akwatin hagu yana da wata doguwar ƙujewa, kuma tun kafin a tambaya mai shi ya nuna ta, ya ce a bakin wata gada ya zame a kan yashi, shi da baburin suka tashi babu abin da ya same su sai wannan. Mutumin gajere ne, tsayinsu ɗaya da Auta. Ya ce an mayar da shi aikin ofis, ba ya fita daji kuma, kuma babur in ba a hawa lalacewa yake.

Auta ya fara taɓa injin, ya ji shi a sanyaye. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya duba, ya shafa farantin birki da yatsa, ya gwada lambar da ke jikin ƙarfen baburin da ta takardu. Baburin ba shi da sarƙa, wata sanda ce a rufe take juya tayar baya, babu ruwan mutum da shafa mai ko ɗaurewa a hanya. Ya hau. Tafin ƙafarsa duka biyu suka zauna a ƙasa daram.

"Na sa an rage min kujerar," in ji mai awon filayen. "Mu gajeru sai mun taimaki kanmu, kamfani ba ya tunawa da mu."

Auta ya tayar, ya fita shi kaɗai ya zagaya unguwar. A kwanar farko ya saki kuloci da sauri, injin ya mutu, wasu mata da ke wucewa suka dube shi. Ya sake tayarwa. Baburin yana da nauyi, amma nauyin a ƙasa yake, da zarar ya fara tafiya sai ya zama kamar ya rage rabi. Da ya dawo ya ce wa Yaya ya hau. Yaya ya hau, ya jingina da akwatin baya, ya ɗan motsa kafaɗa yana gwada matashin. Suka zagaya sau ɗaya a hankali. Auta bai taɓa ɗaukar wansa a kan komai ba, ko a keke. Gumi ya jiƙa masa riga kafin su dawo.

Da suka sauka sai ya lura da wani ɗan danshin mai a jikin shakazobar gaba ta dama, ƙarfen da ke shanye girgizar hanya, ƙura ta manne a wurin. Ya shafa ya nuna wa mai shi. Mutumin ya sunkuya ya duba, ya ce wallahi bai lura ba, roba ce ta fara yoyo, a rage kuɗin gyaran a ciniki.

Auta ya ja Yaya gefe. "Me ka gani?"

"Na ga kaji."

"Yaya, don Allah."

"Na ce maka ni fasinja ne. Fasinja yana zaɓar mota?"

Auta ya tsaya yana kallon baburin. Shuɗin yana ransa, har ya hango kansa a kai yana shiga layinsu yara suna ihu. Amma shuɗin sai an canja tayoyi, an wanke tanki, kuma babu wanda ya san abin da zaman shekara ya yi wa cikinsa. Wannan kuwa kullum a hanya yake, duk abin da zai lalace ya riga ya lalace an gyara. Ya koma wurin mai awon filayen ya miƙa masa hannu, suka daidaita.

Sai a hanyar gida Yaya ya yi magana. "Ni da shuɗin zan ɗauka."

"Don me ba ka faɗa ba?"

"Don ni shuɗi nake so. Ba dalili ba ne."

Auta bai yarda ya fita babbar hanya nan da nan ba. Bayan an gyara shakazobar, ya roƙi wani mai gidan burodi aron buhun fulawa, ya ɗaure shi a kujerar baya, ya riƙa zuwa wani fili a bayan wata ma'aikata da aka rufe yana koyon tsayawa da juyawa da nauyi. Sau ɗaya ya faɗi a tsaye, buhun ya fashe a gefe, ya koma gida fari fat, yara suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ƙara wa akwatin dama tasa ƙujewar, ta yi daidai da ta hagu.

Kiran farko mai nisa ya zo da safe, daga wani gari da ke bayan tsaunuka. Tanderun wata mata mai gidan burodi ya ƙi kamawa. Suka zuba kayan aiki a akwatuna, suka sa hulunan kwano, suka kama hanya.

A miƙaƙƙiyar hanya komai lafiya. Gilashin yana tare iska, injin yana tafiya ba ya ko haki, Auta har ya fara sakin kafaɗunsa. Matsalar ta fara ne da suka shiga kwane-kwanen hawan dutse. Duk lokacin da ya kwantar da baburin hagu, sai ya ji Yaya ya miƙe ya karkata dama, baburin ya yi ta rawa a tsakiyar kwana. Ga kuma bugun kafaɗa da Yaya ke yi masa. In mota ta ɓullo, bugu. In akwai rami can nesa, bugu. Wata tirela ta taho, iskarta ta bugi baburin, a daidai lokacin Yaya ya dafe shi yana ihun wani abu da hula ba ta bari a ji ba. Auta ya ji tayar gaba ta taɓa tsakuwar gefen kwalta kafin ya dawo da ita.

Gidan mai na farko da ya gani ya shiga, ya kashe injin, ya cire hula. Ya waiwayo.

"Yaya, sauka mu yi magana."

Yaya ya sauka. "Ka shiga kwanar nan da giya babba. Na ce maka ka rage..."

"Ban ji ba, kuma ba zan ji ba. Mutum ɗaya ke tuƙa babur. In na kwanta hagu ka kwanta hagu, ko ka zauna kamar kaya. Buhun fulawan nan da na koya da shi ya fi ka iya zaman baya, bai taɓa buga min kafaɗa ba. Ko ka bi jikina, ko ga tasha can ka bi motar haya ka same ni."

Tunda aka haife shi bai taɓa yi wa wansa magana haka ba. Mai zuba man da ya nufo su ya tsaya daga nesa, ya yi kamar yana gyara tiyo. Yaya ya daɗe yana kallon Auta. Sannan ya dubi hanyar da suka baro.

"Ban taɓa zama a baya a doguwar tafiya ba," ya ce. "Ashe mutum ba ya ganin komai sai hular na gaba. Haka kake zaune duk shekarun nan?"

"Haka nake."

"Kuma ba ka taɓa cewa komai ba."

"Wa zai ji ni?"

Yaya ya mayar da hularsa. "To, direba. Mu je, tanderun mutane na jira."

Sauran tafiyar bai zama buhu ba, amma ya yi ƙoƙari. Auta yana jin gwiwoyinsa suna matse shi a kowace kwana, yana kuma jin ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu shi. Bugun kafaɗa dai ya tsaya. Suka isa kafin rana ta take. Matar nan mai gidan burodin ta fito ƙofa, ta nufi na gaba tana cewa, "Dogo, sannu da hanya," sai ta ga wanda ya sauka bai wuce kafaɗarta da yawa ba. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Yau kuma an juya ne?"

"Na yi direba," in ji Yaya. "Ina tanderun?"

Bayan wata guda aka yi wa Yaya aikin hannu. Bai kwana a asibiti ba, ya dawo da bandeji har gwiwar hannu da umarnin kada ya ɗauki ko buta. Daga baya yatsun suka farfaɗo, ya koma riƙe sifana, amma ƙarfin bai dawo yadda zai wuni yana matsa kuloci ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba. Baburin ruwan toka ya zauna da su. Yana da nasa halin: fitilar da ke haska agogonsa tana ɗaukewa in ta ga dama, kuma makullin akwatin hagu sai an ɗan daki murfin yake buɗewa. Ban da wannan bai taɓa ba su kunya ba.

A makonnin da Yaya ke jinya, Auta shi kaɗai yake fita. Ranar farko ya je wani gari ya canja wa injin yanka bel, ya gama da wuri, yana ɗaure akwati sai wayarsa ta yi ƙara.

"Ka gama?" in ji Yaya.

"Na gama. Bel ne kawai."

"Ka gwada shi da burodi ko haka ka kunna ka kashe?"

"Na gwada da burodi, Yaya."

"To. Ka duba iskar taya kafin ka taso?"

"Na duba."

"Madalla. Ka taho a hankali."

Auta ya kashe wayar ya sa a aljihu. Ya ɗan tsaya, sannan ya daki murfin akwatin hagu, ya lalubo ma'aunin iska a ƙarƙashin sifanu, ya tsuguna a gaban tayar baya.